Miƙar Baba Dauda a Bakin Rijiya

Kwanakin baya wasu samari uku suka zo wurina suna son in sa su a aikin haƙar rijiya. Ɗaya daga cikinsu ya naɗe hannun riga ya nuna mini damtse, ya ce, "Baba, ai haƙa ce kawai. In dai ƙarfi ake nema, ga shi." Na ce su nemi wuri su zauna, don ni ma da irin wannan damtsen na shigo sana'ar, kuma saura ƙiris ya bar ni a ƙasan rijiya. Abin da na gaya musu ranar shi zan maimaita a nan.

Na zo Suleja daga Zariya a shekarar da gwamnati ta tare a Abuja. Shekaruna ashirin da takwas, sana'ata dako a kasuwa, buhun masara ni kaɗai nake ɗora shi a kafaɗa ba mai kama mini. Na tarar garin ya cika maƙil. Ma'aikata ba sa iya kama haya a Abuja, sai su kwana Suleja su bi bas da sassafe. Duk mai ɗan fili ya jera ɗakuna, kuma gidan haya in ba rijiya ba ya shiga, don famfo sai ranar da ya ga dama. Wani ɗan unguwarmu, Haruna, yana ja wa wani tsoho mai haƙar rijiya igiya. Shi ya kai ni wurinsa.

Sunan tsohon Baba Dauda. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Izom, da damina manomi, da rani mai rijiya. Gajere ne siriri, kansa fari fat, Hausarsa da ɗan karin harshen mutanen wajen. Bai san shekarunsa ba, amma a lokacin jikokinsa sun fara aure, ba zai gaza saba'in ba. Da na gan shi na ce a raina, wannan ai iska ma sai ta kwashe shi.

Aikin farko da na bi su wata rijiya ce a unguwar Hashimi, a gidan wani mai shagon kayan gini da ya jera ɗakuna goma sha biyu. Mun iso da hantsi da kaya a ka. Na sauke, na ɗauki diga ina jiran a nuna mini inda zan sara. Sai na ga tsoho ya tuɓe riga, ya kama reshen mangwaro da hannu biyu ya saki jikinsa yana reto. Ya sauko ya tsuguna, dugadugansa a manne da ƙasa, ya sa gwiwar hannu yana ture gwiwoyinsa waje. Ya miƙe ya buɗe ƙafafu, ya sunkuya a hankali, a hankali, har furfurarsa ta taɓa ƙasa. Ya zauna ya miƙe ƙafafu ya kama yatsunsu, ƙirjinsa kwance a kan cinya. Ya ɗora ƙotar diga a kafaɗa yana juyawa dama da hagu. Ba fizga, ba gaggawa. Kowace miƙa yana riƙe ta yana motsa baki, ashe istigfari yake yi, da shi yake auna lokacin, ƙafa ashirin sannan ya sake.

Na raɗa wa Haruna, "Wannan wasan ƙwallo za mu buga ko rijiya za mu haƙa?"

Tsoho ya ji. Bai ɗago kai ba ya ce, "Sale, ka taɓa ganin kyanwa ta tashi daga barci ta kama tafiya ba ta yi miƙa ba?"

Na ce, "Baba, ai ni ba kyanwa ba ne."

Ya ce, "Haka ne. Ita in ta faɗo daga katanga tashi take ta tafi."

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Akwai turke da zare, da su ake zana da'irar bakin rijiya, faɗinta kamu biyu da taƙi, ba ƙari, don in ta yi faɗi bango ba ya riƙe kansa. Akwai doguwar diga ta sama, wadda amfaninta ke ƙarewa da zarar rami ya kai ƙugu. Daga nan sai guntuwar diga mai ƙota kamu ɗaya, da dagi, da guntun shebur, da kwanon kwasa. In an ci karo da marmara mai tauri sai guduma da cizal. A bakin rami ana kafa gwafa biyu a gicciya itace mai ƙwari, a kansa igiya ke bi da bokitin ƙasa. Akwai dutse a ɗaure da zare da ake saukarwa a ga ko rami ya karkace. A jikin bango kuma ana sassaƙa matakai, hagu da dama, da su ake sauka da hawa, ƙafafu a buɗe. Kuma kowace safiya, in rijiya ta wuce gaba biyar, wato kamar tsayin mutum biyar, sai an fara saukar da fitila a kunne. In ta mutu, babu mai shiga, sai an ɗaura rassa masu ganye an yi ta zurawa ana jawowa har iskar ciki ta sauya.

Zurfin gaba ɗaya na farko ni na haƙe shi kafin azahar, har mai gidan yana ta yabona. Daga gaba uku labari ya sauya. A can ƙasa ba wurin ɗaga hannu sama a kai sara. A tsugune kake, gwiwa a ƙirji, bayanka na gogar bango, kana sara tsakanin ƙafafunka, kana juyawa kamar hannun agogo. Ban kai rabin awa ba cinyoyina suka kama wuta, yatsun ƙafata suka sage, na ja igiya a fitar da ni. Tsoho ya sauka. Tun daga azahar har rana ta yi sanyi bokiti na fitowa a cike, ɗaya bayan ɗaya, ni da Haruna har muna karɓeɓeniya wajen ja. Na leƙa na gan shi a ƙasa ya dunƙule kamar an ninke tabarma, hannayensa kaɗai ke aiki. Da ya fito bai nemi wurin zama ba. Ya koma reshen mangwaro ya sake yin duk abin da ya yi da safe.

Ya ce mini, "Ta safe buɗe ƙofa ce, ta yamma mayar da kaya inda aka ɗauko su. Ƙanen ubana ya koya mini tun ban fara gemu ba. Ban taɓa fashi ba, ko ranar salla."

Na ji, amma ban ɗauka ba. Nakan yi a gabansa don kunya, in ya juya baya in daina. A ganina ƙarfina zai saba da ramin, kuma ya ɗan saba, na kai ina yin awa guda da wani abu. Sai dai kullum da ciwon ƙugu nake tashi, ina shafa man zafi ina cewa gajiya ce.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai wanda zai tsaya a kanka yana tambaya yaushe ruwa zai fito, kamar kai ka ɓoye shi. Akwai wanda zai nuna kusa da masai ya ce nan yake so, Baba ya tattara kaya ya ce a nemi wani. Amma wanda ba na mantawa wani ɗan haya ne a wani gida da muka yi wa yasar rijiya, Malam Yusha'u, mai buga tafireta a wata ma'aikata a Abuja. Bai kai arba'in ba, amma in zai yi ruku'u sai ya dafa bango. Ranar Asabar ce yana gida, ya tsaya yana kallon Baba da kai a ƙasa tsakanin ƙafafu, ya riƙe baki.

Ya ce, "Baba, don Allah kai ba ka da ƙashi ne?"

Baba ya ce, "Irin naka ne, Malam. Kai me kake yi da naka?"

Ya ce, "Zama. Bas da safe, kujera wuni, bas da yamma."

Baba ya ce, "To ai ka koya wa jikinka siffar kujera, ya kuwa iya karatu. Zo."

Abu uku kawai ya nuna masa, masu sauƙi, ya ce kada ya wuce inda ya ji ja, in ya kai ga zafi ya koma baya. Ya ce kuma kada ya yi miƙa mai zurfi daga tashi barci jiki yana sanyi, ya fara ɗan takawa tukuna. Bayan wata biyar na haɗu da Malam Yusha'u a tasha, jaka a ƙasa, ya ɗora ƙafa a kan benci yana miƙawa, 'yan kamasho na masa dariya. Ya kama hannuna ya ce in gaya wa Baba ya daina dafa bango.

Shekara ta huɗu ita ce mummunar shekararmu. Rijiya uku a jere muka ci karo da dutse, irin baƙin nan da cizal ke tsalle a kansa. Kowacce mun ɓata kwanaki muka bar ta ba ruwa, mutane suka fara cewa idon tsoho ya daina ganin wurin ruwa. Ga shi kuma ruwan sama ya sauko da wuri, aka yi biyu masu ƙarfi tun ba a shirya ba. A ƙa'idar Baba, in ƙasa ta sha ruwa an rufe haƙa sai baɗi. Amma gidajenmu ba abinci, sai ga wani mutum daga Sabon Wuse yana roƙo a ƙara wa tsohuwar rijiyarsa zurfi ko gaba ɗaya ne. Baba ya ƙi. Ni na matsa masa, Haruna ya goya mini baya, har ya ce to, mu je mu gani.

Rijiyar gaba takwas ce. Wanda ya fara haƙa ta ya gamu da dutse a gefe ɗaya, maimakon ya fasa shi sai ya kauce, ya tsuke ƙasan, har faɗin bai kai kamu biyu ba. Ƙarƙashin dutsen yashi ne. Baba ya sauka ya duba ya ce za a iya, amma a bi a hankali, kuma shi zai yi wurin yashin. Kwana biyu muna aiki lafiya. A rana ta uku aka kwana ana yayyafi, gari ya waye da sanyi. Baba ya tafi wurin maƙeri a kasuwa a gyara bakin dagi, ya ce mu jira shi. Ni kuwa na ga ƙasa ta fara danshi jiya, alamar ruwa ya kusa, ina son ya dawo ya tarar na fito da shi. Muka saukar da fitila ta ci. Ban taka ko'ina ba, ban miƙa komai ba, daga shan koko na sauka.

Na yi kamar bokiti shida sai ruwa ya fara tsattsafowa ta gefen ƙafata. Na juya a tsugune zan kai sara ta bayana, sai na ji wani abu ya tsinke a ƙuguna kamar an soka mini ƙusa mai zafi. Bayana ya ɗaure tam. Na faɗa jikin bango da kafaɗa, kuma wurin da na faɗa shi ne yashin nan na ƙarƙashin dutse. Ya zubo shuu, ya rufe ni har ƙugu, a tsugune, ƙafar hagu a lanƙwashe ƙarƙashina. Hannayena a waje suke, amma ko numfashi na ja da ƙarfi sai na yi ƙara, balle in sunkuya in tone kaina.

Haruna ya sauko. Ƙato ne kamar ni. Ya tsaya a matakan ƙarshe, ƙafa hagu da dama a samana, don ba wurin da zai taka sai kaina. Ya yi ya yi ya sunkuya, bayansa na tokare bango, hannunsa bai wuce kafaɗata ba. Ya hau yana salati. Ina jin hayaniya a sama, mutane sun taru. Suka zuro igiya suka ce in ɗaura a ƙirji su ja. Ina cikin ƙoƙarin ɗaurawa na ji muryar Baba.

"Kada wanda ya ja igiyar nan! Za ku fito da rabinsa ku bar rabi."

Ya leƙo ya ce, "Sale, ruwa ya kai ina?"

Na ce, "Ya jiƙa yashin, Baba. Ina jin sanyinsa a cibiya."

Ya ce, "To. Ina zuwa."

Amma bai sauko nan take ba. Daga baya Haruna ya ba ni labarin abin da ya faru a sama. Ya ce tsoho ya tuɓe riga, ya zagaya gidan da sassarfa sau biyu, ya dawo ya buɗe ƙafafu ya fara sunkuyawa a hankali yana motsa baki. Mai gidan ya fusata ya ce, "Baba, mutum na mutuwa kana wasa?" Baba ya ce, "In na shiga haka, gawa biyu za ka fitar." Bai yi duka ba, guda uku ya yi, ya ɗaura igiya a ƙugu, ya sa kwanon kwasa a baki ya sauko.

Abin da na gani da idona ranar, da wani ne ya ba ni labari da na ce ya ƙara gishiri. Ya wuce inda Haruna ya tsaya. Ya sassaƙa sababbin matakai biyu da bakin kwano da yatsu a ɓangaren da bango ke da ƙwari, daidai haƙarƙarina, ya sa ƙafa ɗaya nan ɗaya can, ni ina tsakaninsu. Sannan ya ninke. Daga ƙugu ya karyo, ya kwanto ta kan bayana ba tare da ya ɗora mini nauyi ba, har kansa ya zo daidai kunnena, a kife, hannayensa suka kai yashin. A ramin da bai kai kamu biyu ba, mutum biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya fara kwasa. Kwano ɗaya, kwano biyu, ya zuba a bokitin da ke rataye gefen kafaɗarsa, in ya cika ya ce "Ja!" Ba ya taɓa gefen da ya zubo, ta ɗaya gefen yake ci, a hankali, don kada sauran ya biyo.

Jini ya taru a fuskarsa, jijiyoyin wuyansa sun fito. Bayan kowane bokiti uku yakan ɗago a hankali ya miƙe tsaye a kan matakan, ya ja numfashi, ya sake ninkewa. Ina kallon yatsun ƙafarsa a cikin ramukan nan, ba sa ko rawa.

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Rufe baki, kana cinye mana iska."

Ruwa yana ƙaruwa, yashin ya zama taɓo, abin da ya kwashe rabi na dawowa. Da ya kai gwiwata ya ajiye kwano ya sa hannu cikin ruwa, har kumatunsa na taɓa shi, yana tono ƙarƙashin ƙafata da yatsu. Na ji ya kama idon sawuna. Ya ce, "Kada ka taimake ni. Saki jikinka kamar matacce." Ya juya ƙafar kaɗan kaɗan har ta zame. Sannan ya ɗaura mini igiya ta ƙarƙashin cinyoyi da hammata, yadda zan fito a zaune kamar yadda nake, ya hau ta samana ya ce a ja sannu. Ya shiga da hantsi. Da suka kwantar da ni a bakin rijiya ana kiran azahar.

Mutane suka yi caa a kansa, wani na kawo ruwa, wani kujera. Ya ture kujerar. Ya dafa katanga da hannu biyu ya lanƙwasa bayansa ta baya, a hankali, ya daɗe a haka. Wata tsohuwa a cikin matan gidan ta ce, "Wannan bawan Allah ba shi kaɗai ba ne." Baba ya ji ya ce, "Ni kaɗai ne, Iya. Shekara hamsin nake shirin yau ban sani ba."

Wata biyu na yi a kwance. A asibiti suka ce ƙashi bai taɓu ba, nama ne da jijiya, suka ba ni magani suka ce in huta. Da zafin ya lafa Baba ya fara zuwa ɗakina duk ranar kasuwa, daga Izom, ga aikin gona a gabansa. Farko a kwance yake sa ni in jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji, shi ke nan. Na ce wannan ai ba komai ba ne, a ƙara. Ya ce, "Gaggawar nan ce ta kai ka ƙasa. Ɗanyar fata ma ba a jeme ta rana ɗaya." Sai da aka yi girbi kafin na iya tsuguno dugadugaina a ƙasa. Da rani ya zagayo na koma rami, kuma a karo na farko na yi daga azahar har la'asar ban ja igiya ba. Ƙarfina bai ƙaru ba, ya ma ragu. Wurin ajiye shi ne na samu.

Daga shekarar zuwa yau ban yi fashi ba. Na haura sittin. Sa'o'ina da muka yi dako tare, da yawa a kan kujera suke salla, wasu sai an ɗaura musu takalmi. Ni har yanzu nakan sauka yasa in aiki ya samu, kuma duk wanda zai yi aiki da ni sai ya yi miƙa a gabana safe da yamma. In ya ga abin dariya ne, ga hanya.

Baba Dauda ya bar haƙa a ƙarshen shekarun nan na casa'in. Yanar ido ta ci gaba da rufe masa gani har ya daina bambance bokiti da inuwa, ya bar mini kayan aikin ya koma ƙauye. Bayan kaka na je gaishe shi. Na yi sallama, matar ɗansa ta ce yana rumbu. Na ɗauka a gindin rumbun yake zaune. Na zagaya ban ga kowa ba, sai tsani a jingine da murfi a gefe. Rumbun ƙasa ne irin na mutanen wajen, mai ƙaramin baki a sama, wanda faɗinsa bai fi faifai ba. Ina tsaye sai ga kwando cike da dawa ya ɓullo ta bakin. Sai hannu ɗaya. Sai farin kai, sai kafaɗa ɗaya, sai ɗayar, ya zaro kansa kamar zare daga allura ya zauna a gefen bakin.

Na ce, "Baba, duk gidan nan ba mai shiga sai kai?"

Ya juyo inda muryata take, ya yi murmushi ya ce, "Sale ne? Duk sun yi ƙiba, ba sa wucewa."

Na ce, "Ya idon?"

Ya ce, "Ido ya tafi. Shi kaɗai ne ban san yadda ake miƙa shi ba. Karɓi kwandon nan, ka matsa mini in sauko."